Gonar Nabot da Dajin Birnin Gwari: Darasi a kan Iko, Dukiya da Jinin Talaka

Karatun darasi: Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. A karanta surar duka da murya kafin a shiga tattaunawa.

Gabatarwa

 Dattawan cikinmu za su tuna da shekarar 1995, sa'ad da bishop-bishop ɗinmu suka shirya addu'a ta musamman domin Nijeriya da ke cikin ƙunci, muka riƙa yin ta a majami'unmu a ƙarƙashin mulkin soja. A kwanakin nan da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa ranar da soja ya koma bariki, ranar ce talaka zai sami sa'ida. To, ran 29 ga Mayu 1999 soja ya koma bariki, kuma daga 1999 zuwa 2023 mun fita zaɓen shugaban ƙasa har sau bakwai.

Tambayar da darasinmu na yau ya sa a gaba ita ce: yaya za a yi a kashe manomi, a kwashe arzikin da ke ƙarƙashin gonarsa, a ƙarƙashin gwamnatin da shi da kansa ya zaɓa, sa'an nan a rasa wanda za a tuhuma? Za mu nemi amsa a wurare biyu, a gonar wani mutumin Yezreyel mai suna Nabot, da kuma a ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna.

Yadda aka kashe Nabot

Nabot yana da gonar inabi daura da fādar sarki Ahab. Sarki ya yi sha'awarta domin ya mai da ita lambu, ya ce zai ba da wata gona a madadinta, ko kuwa ya biya kuɗi. Nabot ya ƙi, gama gonar gādon kakanninsa ce, kuma Shari'ar Musa ta hana a sayar da ƙasar gādo har abada. Ahab ya koma gida ransa a ɓace, ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Sai matarsa Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga musu hatiminsa, ta aika wa dattawan garin. Aka yi shelar azumi, aka tara jama'a, aka kawo shaidu biyu na ƙarya, aka ce Nabot ya zagi Allah da sarki. Aka fitar da shi bayan gari aka jejjefe shi har ya mutu. Da labari ya iso fāda, Ahab ya tashi ya tafi karɓar gonar.

Mu lura da kyau: a duk labarin nan Ahab bai ɗauki dutse ko ɗaya ba. An bi tsari daki-daki, akwai takarda, akwai hatimi, akwai zaman shari'a, akwai shaidu biyu kamar yadda doka ta nema. Da an tambayi sarki, da sai ya ce shi yana kwance a ɗakinsa. Da an tambayi dattawa, da sai su ce umarni ne daga sama. Masu jifa kuma su ce hukunci suka zartar. Mu Hausawa mukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma Ubangiji bai karɓi wannan uzuri ba. Ya aiki annabi Iliya wurin Ahab, a cikin gonar, ya ɗora masa laifi biyu: kisa da ƙwace. Wanda hatiminsa ke kan takarda, jinin yana wuyansa.

Ƙasar da muke magana a kanta

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta fi murabba'in kilomita 6,000, tana iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja. Ƙasa ce mai albarkar noma, masara da dawa da shinkafa da waken soya, ga kiwo, ga babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta nufi Tegina, har ta kai matafiyi Ikko. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Sannu a hankali dajin nan ya zama mafakar ɓarayin shanu, daga baya masu satar mutane. A watan Oktoba 2012 aka kashe mutum fiye da 20 a Dogon Dawa, wasunsu suna fitowa daga sallar asuba. A watan Mayu 2018 aka faɗa wa Gwaska aka kashe fiye da 40. Manoma suka shiga biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar ta kai kuka cewa 'yan Ansaru sun hana harkokin siyasa a garuruwan gabashin ƙasar. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan wannan hanya cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137.

Laifin waɗannan kashe-kashe yana kan waɗanda suka riƙe bindiga, ba mu rage musu kome ba. Mu ma mun sha wannan ɗaci, ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin makarantar horar da limamanmu ta Kakau, wanda aka sace aka kashe a farkon 2020. Amma darasinmu ya wuce masu jifa. Muna neman takardar da hatimin.

Zinariya tana fita, talauci yana zaune

Tun zamanin Turawa, a shekarun 1930, ake haƙar zinariya a wajen Tsohon Birnin Gwari. A 2016 gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya gaya wa taron masu zuba jari a Kaduna cewa arzikin da ke kwance a Birnin Gwari ya fi na Afirka ta Kudu. Ko da an rage maganar da rabi, sai mu tambaya: ina asibitin da zinariyar ta gina? Ina makarantar?

Ga yadda doka ta tsara. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Manomi yana da abin da ya shuka a sama, abin da ke ƙasa kuwa ba nasa ba ne. Lasisin haƙa daga wani ofishi a Abuja yake fitowa, a kan taswirar da aka yayyanka gida-gida, kuma mai kuɗi da lauya ne ke iya kaiwa gare shi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce sai an nemi yardar mai ƙasa, ta ce a biya diyyar amfanin gona, ta kuma ce kafin kamfani ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin. Dokar tana da kyau a rubuce. Amma ƙauyen da mutanensa suka gudu zuwa Kaduna ko Funtuwa, wa zai zauna ya yi ciniki da kamfani a madadinsa? Ƙasar da aka watse daga cikinta, ƙasa ce mai arha.

A ƙasan wannan tsari akwai samarin da ke shiga rami da diga da fitila a goshi. Su ne ramin ke rufta wa, su ne 'yan bindiga ke karɓar kaso a hannunsu. Abin da ya rage sai dillali ya saya a wulaƙance, ya miƙa wa wanda ya fi shi, har ta tsallake iyaka. Wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Swissaid ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai an fitar da zinariya fiye da tan 435 daga Afirka ta ɓarauniyar hanya, mafi yawanta zuwa Dubai. A can ake narkar da ita a haɗa da wata, ta fito da sabuwar takarda, ba wanda zai ƙara sanin ramin da ta fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har yara ma sun biya. Dutsen zinariya a yankin nan yakan zo gauraye da dalma, idan aka daka shi a tsakar gida ƙurar takan shiga jinin yara. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu ta haka a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A 2015 yara 28 suka mutu a Shikira, a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari.

Gwamnati da bakinta ta yarda cewa zinariya da bindiga suna tafiya tare. Saboda haka ne ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu 2019. A watan Disamba 2023 kuma Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya gaya wa 'yan majalisar wakilai cewa wasu manyan 'yan Nijeriya masu ƙarfi ne ke bayan haƙar haram, su ne kuma ke ɗaukar nauyin 'yan bindiga. Bai kama suna ba. Idan minista ya san akwai su, talaka yana da haƙƙin ya gan su a gaban alƙali.

Sa'ad da hukuma ta iso

Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na fari. Mu faɗi gaskiya, 'ya'yan talakawa masu kaki sun ba da ransu a wannan daji. A watan Maris 2018 an kashe sojoji 11 a Kampanin Doka. Muna yi musu addu'a, muna girmama iyalansu. Amma girmama soja bai hana mu duba yadda ake sarrafa ƙarfin hukuma ba.

A ƙarshen daminar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, ta hana sayar da man fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi har kusan wata biyu. An yi haka ne domin a matse 'yan bindiga. Amma mace mai naƙuda da babur ake kai ta asibiti, manomi a kasuwar mako yake sayar da buhunsa, kuma ƙauyen da aka zagaye da dare da waya yake neman agaji. Mutanen da ba su yi laifi ba suka ɗauki rabin hukuncin. Gaba kura, baya sayaki.

Daren 3 ga Disamba 2023, jama'ar Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas, suna taron Mauludi. Jirgin soja marar matuƙi ya sakar musu bom. Da mutane suka taru suna kwasar gawa da masu rauni, aka sake sako wani. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120, da yawansu mata da yara. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi gafara. A watan Mayu 2024 aka sanar cewa za a gurfanar da sojoji biyu a kotun soja, amma ba a buga cikakken rahoton binciken domin jama'a su karanta ba.

Wannan ba shi ne na fari ba. A watan Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, Jihar Borno. A watan Janairu 2023 aka kashe makiyaya kusan 40 ta sama a Ƙaramar Hukumar Doma, Jihar Nasarawa. Kuskuren da ya maimaita kansa haka ya zama hali, kuma hali ba ya sākewa sai an hukunta wani.

A Zariya kuwa ba a ma ce kuskure ba ne. A watan Disamba 2015 sojoji suka yi arangama da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky, bayan sun tare wa shugaban sojan ƙasa hanya. Hukumar bincike da gwamnatin jiha ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ta tabbatar a 2016 cewa an binne gawa 347 a rami guda, ta kuma ba da shawara a gurfanar da waɗanda suka wuce gona da iri. Shekaru sun shuɗe ba a ji an gurfanar da soja ko ɗaya ba. Shi malamin ne aka tsare, sai a watan Yuli 2021 babbar kotun Kaduna ta sallame shi.

Wani zai ce, waɗannan ai ba namu ba ne, Musulmi ne, Fulani ne, 'yan Shi'a ne. Ya 'yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai gaya mana ko Nabot mutumin kirki ne ko mai tsaurin kai ba. Abin da ya gaya mana shi ne an kashe shi ba bisa gaskiya ba, kuma Allah ya gani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ko da wutar ba za ta taɓa iso mu ba, jinin ɗan Adam ne, wanda aka halitta cikin siffar Allah.

Hatimin na wane ne?

A nan ne zamaninmu ya bambanta da na Ahab. Ahab ya gāji sarauta, mutanen Yezreyel ba su zaɓe shi ba. A mulkin dimokuraɗiyya kuwa Tsarin Mulki ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun nata. Wato hatimin namu ne, aro muka bayar na shekara huɗu. Jirgin da ya tashi zuwa Tudun Biri da dukiyar ƙasa aka saye shi. Lasisin haƙar zinariya da sunanmu ake sa masa hannu. Paparoma Yohanna na 23 ya koyar a wasiƙarsa ta 1963 a kan zaman lafiya cewa dalilin kafa hukuma shi ne amfanin jama'a duka, kuma hukumar da ta take haƙƙin ɗan Adam ta kauce wa aikinta.

Saboda haka, idan muna neman kanmu a cikin sura ta 21, kada mu yi saurin cewa mu ne Nabot. Sau da yawa mu ne dattawan gari. Sun san Nabot tun yana yaro, sun san shaidun maƙaryata ne, amma wasiƙa ta zo da hatimi, kowa ya sunkuyar da kai. Da mutum ɗaya ya miƙe a taron nan ya yi tambaya, wataƙila da labarin ya sāke. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu, da wanda ya ce ba ruwansa tun da ba 'yan addininsa aka kashe ba, duk a kan tabarmar dattawan nan suke zaune.

A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. A watannin da suka biyo baya motoci suka koma bin hanya, manoma da dama suka koma gona. Mun gode wa Allah saboda kowane rai da ya tsira. Ikilisiya ba ta ƙin tuba, gama Ahab ma da ya yayyage tufafinsa ya yi azumi, Ubangiji ya jinkirta masa hukunci. Amma tuba ta gaskiya tana tafiya da furta laifi da mai da abin da aka ƙwace, kamar yadda Zakka ya yi. Idan an yi sulhu da mai bindiga, wa ya zauna da gwauruwa da maraya? Kuma yanzu da hanya ta buɗe, masu neman zinariya za su riga kowa isowa. A hannun wa za ta faɗa?

Abin da za mu iya yi

Na fari, mu rubuta. Kowace majami'a ta tanadi littafi, katikis ko sakataren kwamiti ya riƙa shigar da sunan duk wanda aka kashe ko aka sace a yankin, Kirista ko Musulmi, da rana da wuri da yadda abin ya faru. Zalunci yana ƙiba ne a inda ba a ƙirga matattu.

Na biyu, mu yi tambaya ta hanyar doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya rubuta wa ofishin gwamnati, kuma wajibi ne a amsa cikin kwana 7. Kwamitin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na ikilisiyarmu zai iya taimaka wa al'umma ta san wanda ke riƙe da lasisi a ƙasarta. Kada mai unguwa ko magidanci ya dangwala yatsa a takardar kamfani sai an karanta masa ita da Hausa a gaban jama'a.

Na uku, mu kai ƙara. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta. Mu raka iyalan waɗanda aka zalunta, tare da limamai da sarakunan garuruwansu, gama murya ɗaya ba ta kai Abuja.

Na huɗu, mu tsare hannunmu. Kada ɗanmu ya shiga ramuwar gayya da sunan sa-kai, ya kashe makiyayi a kasuwa don kawai kamanninsa. Irin wannan kisa ya ƙara wa wutar nan itace.

Na biyar, ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, mu ajiye maganar buhun shinkafa, mu tambaye shi rahoton Tudun Biri da sunayen masu lasisi. A ranar 1 ga Maris 2020 bishop-bishop ɗinmu sun sa baƙaƙen tufafi sun yi tattaki a titin Abuja saboda jinin da ake zubarwa. Sun nuna mana cewa addu'a da magana a gaban masu iko aiki ɗaya ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ne a cikin labarin Nabot yake da damar hana kisan, kuma me ya hana shi?
2. A garinmu, wace dukiya ce take fita ba tare da jama'a sun san mai ɗaukarta ba?
3. Mun taɓa jin an kashe waɗanda ba 'yan addininmu ba, muka ji ba kome a ranmu? Me za mu yi da wannan a gaban Allah?
4. A cikin matakai biyar ɗin nan, wanne ƙungiyarmu za ta fara kafin ƙarshen wata?

Addu'ar rufewa

Ya Allah Uba, mai jin kukan wanda ba shi da mai tsaya masa, ka dubi ƙasar Birnin Gwari da dukan ƙauyukan da ke bakin daji. Ka ji ƙan waɗanda suka mutu a gona da kan hanya da cikin rami da wurin ibada. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Ka ba shugabanninmu tsoronka, ka kiyaye sojojinmu daga mutuwa da kuma zub da jinin marar laifi, ka juyo da zukatan masu bindiga da masu arzuta kansu da wahalar talaka. Mu kuma ka gafarta mana shirunmu, ka ba mu ƙarfin zuciya irin na bawanka Iliya. Muna roƙo ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.